Kundin aiki: rage wa lissafin tarayya a asirce nauyi

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Yau aka danƙa mini aikin, shi ya sa na buɗe wannan kundi. Ma'aikatu biyu ne, kowace tana da albashin mutum 512 masu aiki iri ɗaya. Suna son sanin albashin tsakiya, wato idan aka zuba duka 1024 wuri guda aka jera daga ƙarami zuwa babba, wanne ne na 512. Babu wadda za ta bari ɗaya ta leƙa takardunta, kuma ba su yarda da wani na uku da zai yi musu lissafin ba. Kwamfutocinsu biyu ne za su yi shi tare, amsa ta fito, kowa ya tashi bai ƙaru da komai ba sai amsar.

Matsalar tsohuwa ce. Andrew Yao ya kawo ta a 1982 da misalin attajirai biyu masu son sanin wanda ya fi wani dukiya ba tare da kowa ya faɗi abin da ya mallaka ba. An ma riga an yi amfani da irin wannan lissafi a zahiri: a watan Janairun 2008 manoma kusan 1200 a Denmak, masu noma tushen da ake yin sukari da shi, sun yi cinikin kwangilolin nomansu ta haka, ba wanda ya ga tayin wani.

Manhajar da na gada tana aiki, amsarta daidai, sai dai nauyi. Megabayit 394 take turawa kafin ta ce uffan. An ce in mayar da ita ƙasa da sakan ɗaya a kan layi mai megabit 100 a sakan, da jinkirin milisakan 40 zuwa, 40 dawowa. Sharaɗi ɗaya suka ƙara: komai a zama ɗaya, ba sa son kayan sirri su kwana a kan faifai.

Alhamis, 6 ga Maris

Kwana uku ina ƙirga, ban taɓa manhajar ba. Sai na san inda kayan nan ke tafiya tukuna.

A hanyar Yao, lissafin da za a yi sai an mayar da shi da'ira, wato ƙananan ƙofofi da aka haɗa da wayoyi, kowace waya tana ɗauke da 0 ko 1. Ƙofar AND tana ba da 1 ne kawai idan wayoyin shigarta duk 1 ne, ƙofar XOR kuma idan sun saɓa. Ɓangare ɗaya, mai dagulawa, yana yi wa kowace waya makulli biyu na bit 128, ɗaya a madadin 0, ɗaya a madadin 1. A kowace ƙofa sai ya haɗa akwati huɗu, ya sa makullin wayar fita a ciki, ya kulle kowane akwati da makullan shiga biyu da suka dace da shi, ya cuɗanya su ya aika. Ɗaya ɓangaren, mai warwarewa, makulli ɗaya tak yake da shi a kowace waya, akwati ɗaya ke nan zai iya buɗewa. Haka zai yi ta buɗewa har ƙarshe bai san ko 0 ne a hannunsa ko 1 ba. Akwati huɗu, kowanne bayit 16 (bayit ɗaya bit 8 ne), bayit 64 ke nan a ƙofa ɗaya.

Wanda ya rubuta manhajar jera lambobin duka ya yi a cikin da'irar. Hanyoyin jerawa na yau da kullum ba sa shiga nan, domin sai sun ga sakamakon kwatance suke zaɓar mataki na gaba, ita kuwa da'ira makauniya ce, tun kafin a ga lamba ko ɗaya aka gama tsara ta. Don haka ya ɗauko ragar jerawa ta Batcher ta 1968. Lambobi 1024 suna cin tasha 24,063 a hawa 55, kowace tasha ta kwatanta lambobi biyu ta musanya su in sun zo a juye. Lambobinmu bit 32 ne. Kowane bit yana cin AND ɗaya da XOR uku wajen kwatance, da wani AND ɗaya da XOR uku wajen musanya. Ƙofa 8 sau 32 sau 24,063 sau bayit 64 ya ba ni 394,248,192. Sakan 31 da rabi ke nan ana jigilar akwatuna kawai, kuma kashi uku cikin huɗu na XOR ne.

Talata, 11 ga Maris

Na saka dabarar Kolesnikov da Schneider ta 2008. Mai dagulawa zai zaɓi sirri guda ɗaya ga da'irar baki ɗaya, ana ce masa Delta. Makullin 1 na kowace waya shi ne makullin 0 da aka yi wa XOR da Delta. In haka ta kasance, ƙofar XOR ba ta buƙatar akwati ko ɗaya, mai warwarewa zai haɗa makullan biyu da ke hannunsa, na fita ya faɗo da kansa. Saura ƙofofin AND 1,540,032, megabayit 98.6. Gwajin farko ya ba da amsa daidai. Na tashi da wuri.

Laraba, 12 ga Maris

Na yi saurin murna. Lambobi iri ɗaya, manhaja ɗaya, amma wani zubin amsa daidai, wani zubin shirme tsagwaronsa. Na zargi layi, na zargi ma'ajiyar kwamfuta, na cika manhajar da saƙonnin bincike, tun safe har la'asar babu haske. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba ta ɓacewa kaɗan. Ko dai duka ta yi, ko duka ta lalace.

Abokiyar aikina ta tsaya a bayana ta kalli gwaji kamar goma, sai ta ce, "Malam, Deltarka cika ce ko mara?"

Nan take na dafe kai. Mai warwarewa ba ya gwada akwatuna huɗun ɗaya bayan ɗaya. Bit ɗin ƙarshe na makullinsa ne ke nuna masa wanda zai buɗe, dabarar da ta fito daga aikin Beaver da Micali da Rogaway na 1990. Wannan ba ya tafiya sai makullan waya biyu sun saɓa a bit ɗin ƙarshe, kuma tunda Delta ce bambancinsu, dole nata bit ɗin ƙarshe ya zama 1. Ni kuwa na bar wa sa'a ta zaɓa, ran da ta faɗo mara a ci, ran da ta faɗo cika a sha ƙasa. Gyaran bai kai layi ɗaya cikakke ba. Na ƙara doka: duk gwaji sai an maimaita shi sau ɗari da sabon sirri kafin in rubuta a nan cewa ya yi.

Alhamis, 20 ga Maris

Tarihin rage akwatunan AND gajere ne. Naor da Pinkas da Sumner sun mayar da huɗu uku a 1999. Zahur da Rosulek da Evans sun mayar da su biyu a 2015, ta hanyar raba ƙofar gida biyu: rabi wanda mai dagulawa ya san ɗaya daga cikin shigarsa, rabi wanda mai warwarewa ya sani, kowane rabi akwati ɗaya. Ita na saka. Bayit 32 a ƙofa, megabayit 49.3, kusan sakan 4 a takarda.

A wancan aikin sun nuna cewa a cikin wani rukunin dabaru ba a iya sauka ƙasa da biyu, sai ga Rosulek da Roy a 2021 sun zagaye shingen, suka yanka makullan kansu gida-gida, ƙofa ta koma bit 197 maimakon 256. Da ita za mu sauka zuwa megabayit 38. Na karanta, na yaba, na ajiye. Ragin kashi ɗaya cikin huɗu ba zai kai ni sakan ɗaya ba, ga ƙarin lissafi, ga wuyar rubutawa ba kuskure. Wanda bit ɗaya ya wahalar makon jiya bai kamata ya yi gaggawar shiga can ba.

Kulle akwatunan da AES, sanannen tsarin ɓoye bayanai, muke yi, da makulli tsayayye, kamar yadda Bellare da abokan aikinsa suka nuna a 2013, domin kwamfutocin yanzu suna da AES a cikin ƙwaƙwalwarsu. Guo da Katz da Wang da Yu sun yi gargaɗi a 2020 cewa manhajoji da yawa suna yin wannan ta hanyar da ba ta da hujjar tsaro. Na duba tamu, tana cikinsu. Na koma wa tsarin da suka ba da shawara, mai kiran AES sau biyu. Agogo ko gezau bai yi ba. Ƙwaƙwalwar kwamfutar zaune take tana jiran layi, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Ta yaya mai warwarewa zai karɓi makullan lambobinsa ba tare da ya faɗi lambobin ba? Da miƙa-a-rufe, abin da masu fannin ke taƙaitawa da OT: mai dagulawa ya riƙe makulli biyu, ɗayan ya ɗauki guda, wannan bai san wanda aka ɗauka ba, wancan bai ga wanda ya bari ba. Muna buƙatar 512 sau 32, wato 16,384. Tsohuwar manhajar kowanne da lissafin makullin fili (mai makulli biyu, ɗaya a bayyane ɗaya a ɓoye) take yin sa, mai tsada. Na maye gurbinsa da hanyar Ishai da Kilian da Nissim da Petrank ta 2003: a yi 128 masu tsadar, sauran a tatso su daga waɗannan da lissafi mai arha, bayit 16 kowanne. Kilobayit 262 duka-duka. Aikin kwana biyu ne, ba wani labari a ciki.

Litinin, 7 ga Afrilu

Mako guda na kashe a kan hanyar da ba ta ɓulle ba, amma ban yi nadama ba.

Tunanina shi ne in bar Yao in koma wa GMW, tsarin Goldreich da Micali da Wigderson na 1987. A can babu akwatuna. Kowane bit ana raba shi gida biyu, kowa ya riƙe kasonsa, kaso ɗaya shi kaɗai ba ya nuna komai. XOR kowa a ɗakinsa yake yi. AND kuwa ana cinye mata 'yan uku na Beaver, dabarar 1991: bit uku da aka raba tun farko, na ukun shi ne AND ɗin biyun. Da su, kowane ɓangare bit biyu kacal zai aika a ƙofa. Kilobayit 385 a maimakon megabayit 49. Wa zai ga wannan bai yi kwaɗayi ba?

Inda take kamawa shi ne ba a shiga hawa na gaba sai saƙon wannan hawan ya iso. Kwatancenmu bit bayan bit yake tafiya, zurfinsa 32, musanya ta ƙara 1, sau hawa 55 na ragar: zagaye 1,815. Kowanne milisakan 40. Sakan 72 da ɗoriya, layi fayau ba kowa a kai, ana zaman jiran bit biyu su ƙetare. Na sake gina kwatancen a siffar bishiya, zurfinsa ya koma 6, ƙofofinsa suka kusa ninkawa uku, zagaye ya sauko 385, sakan 15. Har yanzu Yao mai nauyin kaya ya fi shi sauri, don shi sau ɗaya yake ɗaure kayansa ya tura.

Su kansu 'yan ukun ba daga sama suke faɗowa ba. Kowane yana cin OT biyu, bayit 32, daidai kuɗin ƙofar Yao. Sababbin hanyoyi irin na Boyle da abokan aikinta na 2019 da Ferret na 2020 sun rage wannan ƙwarai, amma ba sa rage zagaye ko ɗaya. Jinkirin kuma ba a saye shi da kuɗi: haske a cikin wayar gilashi kilomita 200 yake yi a milisakan ɗaya, ba mai ƙara masa gudu. Da kwamfutocin a ɗaki ɗaya suke, da labarin ya sha bamban.

Laraba, 9 ga Afrilu

Abin kunya. Wata guda ina goge ƙofofi, ban taɓa tambayar me ya sa muke jera 1024 a asirce ba. Kowace ma'aikata ta san lambobinta. Ta jera abinta a gida, kyauta, a saka wa da'ira jeri biyu shiryayyu ta gwama su. Hawa 10 na ƙarshe na ragar Batcher ke nan, tasha 4,609, ƙofofin AND 294,976, megabayit 9.4. Ragin ya fi ninki biyar, ya fi abin da rabin-ƙofa ya ba ni, kuma ba dabarar ɓoye sirri ko ɗaya a ciki.

A takarda kashi uku cikin huɗu na sakan ne. Agogo ya ce ya haura sakan ɗaya. Dalili: TCP, ƙa'idar da ke jigilar bayanai a kan layi, ba ya buɗe famfo gaba ɗaya. Da fakiti goma yake farawa, kusan kilobayit 14, ya ninka bayan kowane zuwa da dawowa. Layinmu yana ɗaukar megabayit ɗaya a cikinsa kafin ya cika, sai an yi kai-komo wajen bakwai ake kaiwa can, fiye da rabin sakan ya tafi. Lokacin da kaya ke megabayit 394 wannan ba ya ko ganuwa.

Talata, 22 ga Afrilu

Tunda tsakiya kawai ake nema, gwamawar ma ta yi yawa. Aggarwal da Mishra da Pinkas sun kawo wata hanya a 2004 wadda ta burge ni ƙwarai. Kowa ya fito da lambar tsakiyar jerinsa, a kwatanta biyun a asirce, a bayyana wa ya fi. Mai ƙaramar ya zubar da rabin jerinsa na ƙasa, mai babbar ya zubar da rabinsa na sama. A maimaita. Daga 512 zuwa 256 zuwa 128, bayan zagaye tara kowa saura lamba ɗaya a hannunsa, ƙaramar ita ce amsa. Ƙofofin AND 352. Kilobayit 11. Na ƙirga sau biyu don ban yarda ba.

Gwajin farko ya ɗauki kusan ninki biyu na abin da na lissafa. Ƙa'idar Nagle ce: idan ka aika ƙaramin saƙo ka bi shi da wani, TCP yana riƙe na biyun har sai an amsa na farko, ɗaya gefen kuma yana jan ƙafa wajen amsawa. Na kunna TCP_NODELAY, mai kashe wannan ƙa'ida, na haɗe saƙonnin kowane zagaye wuri guda. Ya dawo daidai lissafi: zagaye goma, kowanne zuwa da dawowa milisakan 80, kashi takwas cikin goma na sakan, ban da shirin OT. Kaya sun ragu ninki ɗari takwas, lokaci da ƙyar ya motsa. An gudu ba a tsira ba.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Hujjar tsaron hanyar ita ce sakamakon kwatancen da ake bayyanawa ba sabon labari ba ne: wanda ya san amsar ƙarshe da jerinsa zai iya faɗin yadda kowane zagaye zai kaya. Wannan gaskiya ne idan babu lambobi biyu iri ɗaya. Albashi kuwa maimaici ne ya yi masa yawa, mutum ashirin a mataki ɗaya kuɗinsu ɗaya. A ce ma'aikata tana da mutum biyar a kan albashin da ya fito tsakiya. Amsa kaɗai ba za ta gaya mata nawa daga cikin biyar ɗin suka faɗa rabin ƙasa ba, amma zagayen za su gaya mata, daga nan kuma ta san adadin mutanen ɗaya ma'aikatar da ke ƙasa da wannan layi cif-cif. Ƙaramar ɓaraka ce. Abokiyar aikina tana ganin a gaya wa ma'aikatun su zaɓa. Ni ina ganin an yi alkawarin amsa kawai, kuma wanda ba ɗan fanni ba zai ce "ba komai" ne don bai hango inda za ta kai ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Mun daidaita a kan hanya ta uku, abokiyar aikina ce ta zana ta a allo ranar Juma'a. A juya jerin ɓangare na biyu, a jera shi ƙarƙashin na farko, a ɗauki ƙaramar kowane biyu. Misali da huɗu-huɗu: 2, 5, 9, 11 a sama, 12, 10, 4, 3 a ƙasa. Ƙananan su ne 2, 5, 4, 3, kuma su ne huɗu mafi ƙanƙanta a cikin takwas ɗin. Babbarsu, 5, ita ce ta huɗu. Da 512 ma haka: zaɓen ƙarama sau 512, zaɓen babba sau 511, kowanne AND 64. Jimla 65,472, megabayit 2.1, a tura sau ɗaya, ba a bayyana komai a hanya, maimaici kuma ba ya canza komai.

Tunda akwatunan ba su dogara da OT ba, na sa su fara tafiya tun daga saƙon farko, OT na gudana a gefe. Gwaji ɗari, amsa daidai ɗari, duka ƙasa da sakan ɗaya da ɗan sarari. Mafi yawan lokacin TCP ne ke ɗumama jiki. Na ga yadda za a ƙara rage kayan, amma duk wahalar kai-komo ɗaya za ta saya mini, na bar shi.

Abin da ya rage ba ƙarami ba ne. Duk wannan ya tsaya a kan cewa kowa yana bin ƙa'ida, leƙe kawai yake so. Idan wani ya turo jeri a hargitse da gangan, amsa ta gurɓace. Da'ira za ta iya duba jeruwar da kanta: kwatance 511 a kowane gefe, ƙarin AND 32,704, rabin abin da muke da shi yanzu. Idan mai dagulawa ne ya cusa akwatin ƙarya, wannan sai tsari irin na Wang da Ranellucci da Katz na 2017, mai sa wa kowane kaso hatimi, kuma a can kuɗin shiri ya fi na da'irar nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya ƙirƙiro albashin ƙarya ya jera shi tsaf, babu lissafin da zai kama shi, wannan na masu rubuta yarjejeniya ne.

Ranar Litinin zan zauna da wakilan ma'aikatun biyu in tambaye su wanne suke tsoro, mai leƙe ko mai ha'inci, domin in na biyun ne sai sun sassauta ko dai sakan ɗayan ko sharaɗin zama ɗaya. Kafin nan zan saka binciken jeruwar in auna, in je musu da lamba a hannu.